Akwatin Haya

Shekara huɗu ina biyan haya
ga wani ɗan baƙin akwati mai ido huɗu.
Ba ya ci, ba ya sha, ba ya gaisuwa,
amma wata na mutuwa sai ya miƙo hannu.
Na juya bayan rasit na yi lissafi:
kuɗin sun isa rago biyu, har da igiya.

Ga shi kuma ya tsufa.
In Luba ta kira daga makaranta,
fuskarta kan daskare a tsakiyar dariya,
rabin kalma maƙale a baki,
ni kuwa ina ta "Kina ji na? Kina ji na?"
kamar mai kiran kwalekwale daga ƙetaren gulbi.

Ran Asabar Sahabi ya iso Badariya,
tsani a kafaɗa, filaya a aljihun baya.
Ya dubi silin, ya dube ni:
"Baba, ba akwatin ɗai na ba. Wayag ga ta mace."

Ya shige sama da tocila a baki,
rana na gasa kwano a kan ƙeyarsa.
Ina jin rarrafensa bisa kaina, katako na kuka,
sai ya fara jeho mini tarihin gidan:
wayar tarho, ta zamanin juya lamba da yatsa,
wayar eriya da na ɗaura da kaina
shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadama,
wata ja, da ba wanda ya san inda ta dosa,
sannan tamu,
ɓeraye sun yi buki a kanta wuri uku,
sun bar tagulla tsirara.

Ya sauko da yanar gizo a gira da gashi.
Na ce, "Ashe can take, ka kwaso ta da kai."
Bai yi dariya ba sai da ya sha ruwan randa.

Sabuwar waya shuɗiya ce.
Ya bi da ita gefen bango, kowane kamu ƙusa,
ta zagaye kalanda, ta sunkuya ƙarƙashin taga,
ta isa kan kabad inda farin modem ke jira,
wanda na saya da kuɗina, babu mai bi na bashi.
Ido ɗaya ya buɗe. Na biyu.
Na uku ya yi ta ƙifta kamar mai shawara,
sannan ya tsaya, kore shar.

"Kalmar sirri fa, Baba? Sabuwa za mu sa."
Na yi shiru.
Tsohuwar, Kulu ce ta zaɓa, Allah ya jiƙanta:
sunan akuyarta mai satar dusa, da shekarar aurenmu.
Na ce ya sa duk abin da ya ga dama.
Ya rubuta mini a bayan kwalin ashana.

Tsohon na goge shi da gefen riga,
na kai wa Bagudu shagonsa a baƙar leda.
Ya juya shi, ya shinshina, ya nemi caja,
ya soke sunana a littafi da layi ɗaya.
Shekara huɗu, layi ɗaya.

Bayan isha'i Luba ta kira.
Dariyarta ta zo cikakkiya, daga farko har ƙarshe.

Da na fito rufe ƙofa
na tarar da su a dakalina, su biyar,
yaran da na daɗe ina yi kamar ban gani ba,
masu jingina da bangona suna ɗiban abin da ya zubo.
Yau wayoyinsu shiru, fuskokinsu duhu.
Ƙaraminsu ya ce, "Baba, akuya ta ƙi."

Ashe duk unguwa an san sunanta.

Na koma ciki na lalubo kwalin ashana.
Na ce, "Ku matso haske, idona ba ya gani.
Wanda ya iya, gobe ya zo ya maido mini da akuya."